Fim ɗin Indiyan da ba waƙa

Karaye, Asabar da dare, 14 ga Nuwamba, 1992

Yau na sha da ƙyar. Alhaji Sale ya kawo sabon kaset daga Kano, aka sa a zaurensa bayan la'asar, aka zaunar da ni gaba in fassara kamar kullum. Ashe yaren Punjabi ne, ba Indiyancin da na tsinta a silima ba. Ko kalma goma ban kama ba.

Can sai na gane labarin. Littafin nan ne da malamin kimiyya ɗan Indiya ya ara min bara, fassarar Turanci: manomi yana noman gonar aro tun zamanin ubansa, ɗan mai gona ya zo ya karɓe. Na riƙa bayarwa da ka, ina tsoron asirina ya tonu.

Samari suka fara tsaki. "Malam Bala, ina waƙa? Ina bos?" Suka watse.

Baba Ilu na Ruwan Bago, da ya kawo gyaɗa kasuwa, bai motsa ba. A wani wuri cikin fim ɗin na ce manomin godiya yake yi.

"A'a Malam, roƙo yake," in ji shi. "Dubi wuyansa. Haka na tsaya gaban ɗan maigidana."

Da na dawo gida na duba abin da na rubuta bara game da littafin. Shi ne da gaskiya.

Bayan magariba na koma na faɗa wa Alhaji ban ji yaren ba. Ya yi dariya, ya ce gobe a sake sawa don dattawa. Na roƙi Baba Ilu ya kwana, gobe ya zauna kusa da ni. Ya yarda.