Baƙin Kwal a Farcena

Zuwa ga Ikilima, hasken idona, sanyin ruwan Gubi da hantsi, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara!

Saƙonki ya iso. Wai in jiƙa farcena a lemon tsami kafin Juma'a, ranar da zan zo gaishe da Baba a Ƙofar Dumi, don kada yayanki Mansir ya sake kirana mai gawayi. Haba Ikilima, har da ke? Mansir ɗin da ya gaisa da ni ya goge hannu a gefen riga, shi ne yau alƙalin tsabta? Mutumin da ko shayi bai iya tacewa ba! Na san abokinsa Badruddeen yake so ya tura gaban Baba, mai farar shaddar nan da turarensa ke riga shi sallama. A cire ƙamshin da gugar, me ya saura?

Kin manta ranar da kika biyo ni ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Gubi, ya tauraruwata? A gabanki na dafa garin kwal a ruwan soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, don ta narkar da yashi da yumɓun da ke cikinsa. Na bi shi da asid ya kwashe ragowar, na yi ta ɗauraya har hannuna ya yi sanyi. Sannan muka ƙona wankakke da wanda ba a wanke ba. Wanda ba a wanke ba ya bar toka tuli, wankakken kuwa ɗan abin da bai cika bakin cokali ba. Ke da bakinki kika ce ashe ba baƙin ne dattin ba, tunda wankakken ma baƙi ƙirin ya fito. Wallahi a ranar na gama yanke shawara a kanki.

Yanzu kuma kunyar hannun nan kike ji? Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Dariyar Mansir ko a jikina, taki ce ba zan iya ɗauka ba.

Ran Juma'a Baba zai tambaye ki wanda kike so. Zan zo da hannayena yadda suke, ba lemo, ba ɓoyo a aljihu. Ki dube su da kyau, ya ruwan farkon damina, sannan ki ba shi amsa.

Naki har ranar da za a wanke ni,
Nu'uman