Yaya Ya Kashe Baba a Dandamali

Asabar, 4 ga Mayu

Muna garin Oban. Ruwan sama tun safe, mota kuma sai ƙarnin soyayyen kifin da Struan ya ci ya cusa takardar a ƙarƙashin kujera. Da ba yayana ba ne uwa ɗaya uba ɗaya, da tuni na saɓi celona, ƙaton gogen da nake kaɗawa, na kama gabana.

Amma ba kifin ne ya sa na ɗauki biro ba. Jiya muna tsakiyar wasa, za mu shiga waƙar masunta, sai ya kwantar da jita a cinya, ya matso da baki kusa da makirfo, ya sassauta murya. Wai babanmu ne ya koya mana waƙar. Wai teku ya ci shi muna yara, ko gawarsa ba a gani ba. Saura kaɗan izgar da nake goga tsirkiya da ita ta suɓuce mini.

Baba yana nan da ransa a Peterhead! Bai taɓa jefa koma ba, direban motar kifi ne. Kuma ba teku ne ya ɗauke shi ba, da ƙafarsa ya fita ya bar mu ina 'yar firamare. Waƙar kuwa Misis Geddes ce ta koya mana a aji.

Wata tsohuwa a sahun gaba ta yi kuka har da shessheƙa. Tir.

Litinin, 6 ga Mayu

Na tare shi wajen karin kumallo. Na ce, "Yaya, ko kunya ba ka ji ba?"

Bakinsa cike da ƙwai ya ce, "Haba Ishbel, ai a wurinmu ya daɗe da mutuwa. Jana'iza kawai na yi masa, mai kyau ma kuwa." Ya yi dariya har gwaiduwa ta fantsamo mini a hannun riga.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ullapool. Labari ya yi ƙiba. Yanzu jirgin Baba har suna gare shi, an ƙaro guguwa, ga kuma Mama tsaye a bakin gaɓa da fitila tana jira. Mamar da ko kusa da gaɓa ba ta zuwa saboda kashin tsuntsaye.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya: yana cikin zubawa ya ƙyafta mini ido, wai in ja masa tsirkiyar ƙasa a hankali, maganar ta hau kai. Kuma na ja. Hannuna ne ya yi kafin in yi tunani. Zauren ya yi tsit. Tun da muka fara yawon wasa ba a taɓa yi mana tafi irin na jiya ba. Na kasa cin miyar da matan zauren suka ajiye mana.

Asabar, 11 ga Mayu

Wani ƙato mai warin giya ya rungume ni, wai shi ma marayan teku ne. Sau biyu na yi wanka.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na kira Mama. Ashe wani gidan rediyo ya sa wasanmu, har da labarin. Ta ce matar mai shagon nama ta yi mata ta'aziyya tana danne dariya.

Na ce, "Mama, ki yi wa ɗanki magana mana."

Ta ce, "Ku bar ni da shirmenku. In ma ubanku Murdo ya nutse, ni dai ba a aiko mini ba." Sai ta koma tambayata ko ina sa rigar sanyi.

Duk gidanmu ba mai jin ƙyamar abin sai ni?

Laraba, 15 ga Mayu

Ranar Asabar da rana muna da wasa a Portsoy. Can kusa da gida ne, rabin mutanen zauren sun san mu tun muna majina. Na ce wa Struan in ya sake kashe Baba a can, zan tashi in bar masa dandamalin. Ya ɗora hannu a ƙirji ya yi alkawari. Alkawarin Struan.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ya zo.

Tun ina ɗaure tsirkiya na hango shi can baya, kusa da tukunyar shayi. Da farko ban gane shi ba. Wani ɗan tsoho ne ya ƙanƙance cikin kwat da ta yi masa yawa, da sanda. Sai da ya karkatar da kai gefe, yadda Struan yake yi, na gane Baba ne.

Struan ba ya sa tabarau a dandamali, wai yana tsufar da shi. Saboda haka bai ga komai ba. Da muka zo waƙar masunta na taka masa ƙafa. Ya janye ƙafar, ya kwantar da jita, ya fara. Guguwa, jirgi, fitila, bai bar komai ba. Ban tashi ba kamar yadda na ce. Amma na ɗora izgar a cinya, na bar shi da muryarsa tsirara. Mutane suka riƙa waige baya. Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Da aka gama waƙar, wa ya fi kowa tafi? Mamacin.

Lokacin shan shayi Struan ya sa tabarau, ya duba, fuskarsa ta yi fari fat. Ya shige ban-ɗaki ya kulle. Aka bar ni da Baba.

Ya ƙaraso da ɓurɓushin kek a gemu. Ya ce, "Ishbel, kin yi tsawo."

Na ce, "Tsawon ya daɗe, Baba. Kai ne ba ka nan."

Bai musa ba. Ya ce, "Me ma ya ce sunan jirgin nawa?" Sai ya ce, "Ki ce wa yaron nan kada ya damu. Mutuwar da ya ba ni ta fi wadda likita ya ce zan yi kyau. A bar mini ita." Ya yi dariya, ta koma tari mai tsawo, ya tofa a hankici. Na kawar da kai. Ya ce a saman shagon burodi yake zaune, daura da tashar jiragen ruwa, kamar wani ya tambaye shi.

Ko haƙuri bai ba ni ba. Ya tafi ya manta hularsa a kan kujera, duk maiƙo.

Laraba, 22 ga Mayu

Jiya Struan ya rera waƙar ba labari. Tafi sama-sama. Tun ranar Lahadi na isar masa da saƙon Baba. A mota, da muka kusa Elgin, ya ce, "Me likitan ya ce?"

Na ce, "Ka je ka tambaye shi, ai ka san inda ka binne shi."

Lahadi, 26 ga Mayu

Hular kawai na je mayar wa Baba. Ba zan iya ci gaba da shaƙarta a mota ba.

Ɗakin kuwa, ba a magana. Kwanuka sun yi tsatsa a wurin wanki, madara ta yi tsami a taga, kwalaben magani ko'ina. Na wanke kofi biyu don ba zan sha shayi a cikin wannan dauɗa ba, sai kuma na ga na wanke sauran.

Ya tambaya ina ƙaton gogen nan nawa. Na ce yana mota, kuma benen nan ba na hawa da kaya ba ne.

Kafaɗata har yanzu ciwo take, don na hau da shi na goga masa waƙar masunta.

Ya bi ni da waƙa, murya kamar ana jan tebur, baitocin ma bai iya ba. Bai taɓa iya su ba. Na gyara masa na farko, na biyu na ƙyale shi.

Ƙazamin ɗaki. Lahadi sai na tafi da sabulu na kirki.