Motar Falk Ta Iso

Zwickau, Fabrairu 1990

Yayana Eberhard,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Resi da jikoki. Yaya ƙafar taka? Resi ta rubuto cewa likita ya hana ka naman alade amma kana ci a ɓoye. Ban yi mamaki ba, tun muna yara ba ka jin magana. Gahawar da ka aiko ta iso, mun gode.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne, motar Falk ta iso.

Kai da ka bar garin nan shekara arba'in da suka wuce ba za ka gane nauyin wannan magana ba. A wajenku can Yamma mutum ya shiga shago ya nuna wadda yake so. Mu nan ran da yaro ya cika sha takwas ubansa zai tasa shi gaba su je ya shiga layin sayen motar Trabant, a dawo gida a jira shekara goma sha. Haka maigidana Gottfried ya yi wa ɗanmu Falk. Tun daga ranar ya fara gina gareji a bayan unguwa da bulon roƙo da na musanya, yana tara kayan gyara: salansa biyu, gilashin gaba, fulogogi cikin gwangwanin biskit. Kada ka yi dariya, kowa haka yake yi.

Ka san abin da ya biyo baya. Shekara shida ke nan tun da Falk ya tafi hutu bakin teku a arewa, aka tsinci kayansa a ninke a kan yashi, agogonsa cikin takalmi. Hukuma ta ce ruwa ya ci shi. Gottfried ya ce ƙarya ne, iyo ya yi ya tsallaka zuwa wajenku, wani jirgi ya ɗauke shi.

Tun da aka buɗe katangar da ta raba Gabas da Yamma, duk wanda ya tsere ya dawo ko ya bugo waya. Ɗan gidan maƙwabcinmu Seifert ya zo Kirsimeti da tumbi da 'ya'ya biyu. Namu shiru. Kai ma ka yi cigiya iyakar ƙoƙarinka, Allah ya saka. Shi ya sa na ce wa Gottfried ina so a rubuta sunan Falk a dutsen kabarin su Mama, in sami inda zan kai fure in zuba ruwa kamar sauran mata. Na gaji, Yaya. Ya dube ni ya ce, "Irmi, kin taɓa ganin ɗan garin nan da ya bar layinsa na mota? Ko a duniyar wata yake zai sauko. Bari ta iso tukuna."

To ta iso. Mutane suna ta janye sunayensu don kowa motar Yamma yake so, sai layi ya zo kanmu. Mai ba da makullai ya ce, "Baba, da gaske kake? Yanzu fa a bakin titi ake yar da su." Gottfried ya ce masa, "Ba ni makulli, ka riƙe wa'azinka." Da can kalar da ka tarar ita ce taka, yanzu har zaɓi aka ba mu. Ya zaɓi shuɗiya mai kalar sama. Ya tuƙo ta gida a hankali har masu keke suna wuce mu, ya sa ta a gareji, ya rufe famfon mai, ya ce daga yau ba mai taɓa ta, motar mutum ce.

Ka gaida Resi. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Irmtraud

Zwickau, Yuli 1990

Yaya Eberhard,

Barka da zafi. Ina fata kun tashi lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Mu muna nan, sai tarin Gottfried da ya ƙi tafiya.

Na ga ka ce za ka ba mu tsohuwar motarka Audi mu yar da "kwalin nan". Na gode, amma ka rage fankama. Zobba huɗun tambarinta da kake taƙama da su a ƙasar nan tamu ta Saxony aka haɗa su. Ka manta Baba yana dawowa daga masana'antar motoci ta Horch da fenti a farce, yana ba mu labarin yadda yake ja wa motocin manya layi da hannu ba tare da ya numfasa ba? Ka manta muna tsaye a kan gada bayan yaƙi muna kallon jirgin ƙasa yana tafiya da injinan masana'anta zuwa Rasha, Baba ya cire hula kamar gawa ce ke wucewa? Kai ka bi manyan masana'antar zuwa Ingolstadt da zobbanku. Mu aka bar mu ba ƙarfen kirki, muka haɗa ragowar auduga da ƙaro muka matse, muka yi jikin mota da shi. Shekara talatin ina datse gefen ƙofofin nan da zarto, har yau ina jin ƙurar a maƙogwaro. Kwali ne, na yarda, amma ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ina ajiye dankali da kwalaben kokwamba a garejin, nakan ɗauki makulli in je da hantsi in ɗebo. Ran da Gottfried ya kawo motar, kujerar direba tana can gaba daf da sitiyari, ka san shi gajere ne. Makon jiya na leƙa ta gilashi na ga kujerar ta koma baya har ƙarshe. Madubi ma an gyara shi daidai idon dogon mutum. Falk ya fi ubansa da kai guda, kullum ya shiga motar wani abin da yake fara yi ke nan. Na ɗora hannu a bonet na ji ɗumi. Ga warin hayaƙin nan na fetur da baƙin mai, wanda kullum yake jikin rigarsa in ya dawo daga yawo da abokai.

Na tsaya da kwandon dankali na kira sunansa. A hankali na kira, don kada maƙwabta su ji. Ba wanda ya amsa. Na koma gida na tarar da Gottfried yana yanka burodi, na kasa tambayarsa, don ban san amsar da na fi tsoro ba.

Tun ranar, duk Trabant da ta shigo layinmu da ƙarar nan tata ta ten-ten-ten sai in ajiye abin da ke hannuna in saurara ko za ta tsaya. Da can da suke cike da gari ban ko ji su. Yanzu da suke raguwa, kowace ɗaya sai ta daki ƙirjina.

Kada ka gaya wa Resi, za ta ce ƙanwarka ta fara taɓuwa.

Taka,
Irmtraud

Zwickau, Mayu 1991

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yafe mini dogon shiru. Yaya gida, yaya Resi?

Ka gani a talabijin an ƙera Trabant ta ƙarshe. Na je bakin ƙofar masana'anta tare da tsoffin abokan aikina. Wasu sun yi kuka. Ni abin da na tuna shi ne Baba da hularsa a kan gada.

Na gano mai tura kujera. Wata safiya Gottfried ya ce zai je sayen burodi kamar kullum, na bi shi daga nesa. Gareji ya shiga. Ya jawo kujerar gaba don ƙafarsa ta kai totur, ya buɗe famfon mai, ya tayar da injin ya bar shi ya ɗan yi aiki. Da ya kashe, ya fito ya tura kujerar baya, ya durƙusa a kanta yana miƙa wuya, yana gwada inda idon Falk zai kai, ya daidaita madubi. Sannan ya goge sitiyari da hannun riga.

Yaya, raina ya ɓaci kamar ban taɓa fushi ba. Kusan shekara ina zaton fatalwar ɗana ce, har na fara sabawa da ita, ashe tsohon nan ne. Na faɗa ciki na ce, "Kai ne ka ce ba mai taɓa ta!" Ya ce, "Injin da ba a tayarwa mutuwa yake. Kina so ya zo ya tarar da ita a mace?" Na ce, "Gottfried, shekara bakwai. Ba zai zo ba. Kai kana da gareji, ni ba ni da komai. Ka ba ni kabari." Tari ya sarƙe shi, ya dafa motar har ya lafa. Sannan ya ce, "To ki sa sunansa a dutse. Ya dawo ya je gaida kakarsa ya gani, me za ki ce masa?"

Muka kulle garejin muka tafi sayen burodin tare.

Na yanke shawara a raina, kuma kai kaɗai nake gaya wa. Ba zan ƙara yi masa maganar ba yana raye. Amma in Allah ya sa na riga shi, ka tsaya a rubuta sunan Falk ƙarƙashin nawa. In shi ya riga ni, ni zan yi, in kuma ba da motar ga duk mai so.

A gaida kowa.

Irmtraud

Zwickau, Nuwamba 1991

Yaya Eberhard,

Ina gaishe ka da kyau. Na gode da furen da kuka aiko da kuma wayar Resi. Kada ka damu da rashin zuwanka jana'izar Gottfried, na san aikin da aka yi maka a ƙafa. Fasto ya yi magana mai kyau, tsoffin ma'aikata sun zo da yawa.

Zan gaya maka yadda ƙarshen ya kasance. Da aka kwantar da shi asibiti ya ba ni makullin gareji, ya koya mini komai daga kan gado, yana nuni da hannu a iska: ga famfo, ga abin da za ki ja, kada ki cika totur. Ni da na datsa dubban ƙofofinta ban taɓa tayar da ita ba. Na je na jawo kujera gaba na yi yadda ya ce, ta tashi. Hayaƙin ya cika garejin, warin ya shige ni, na kashe na fito da gudu na kulle. Ban mayar da kujerar ba, na tuna sarai.

Da yamma ya tambaye ni, "Irmi, kin mayar da kujera?" Na ce na mayar. Ya ce, "Madubi fa?" Na ce har madubi. Ya yi murmushi ya ce, "Ke dai ba ki iya ƙarya ba." Washegari da safe ya cika.

Bayan an binne shi na je wajen mai sassaƙa dutse. Na rubuta masa sunaye biyu, na uba da na ɗa. Ya ce in dawo Litinin in ga zanen kafin ya fara sassaƙa. Ɗan gidan Seifert, da ya dawo gari da zama, ya ce zai zo ya ja motar, wai zai shuka fure a cikinta a gaban shagonsa. Na ce ya zo.

Ranar Lahadi bayan coci na je in kwashe dankalina kafin a zo jan ta. Makulli ɗaya ne, yana jakata tun ran da Gottfried ya ba ni. Na buɗe na tarar da kujerar a can baya.

Na san me za ka ce. Za ka ce ni na mayar na manta, mai makoki ba ta san abin da hannunta ke yi ba. Ni ma haka na gaya wa kaina. Na shiga na zauna yadda take. Ƙafata ba ta kai komai ba. Na ɗaga kai na dubi madubi, ban ga baya ba sai rufin mota, don ba domin tsayina aka gyara shi ba. Na daɗe a nan. Wata Trabant ta shigo layin garejin, ten-ten-ten, ta rage gudu. Ta wuce.

A nan na ji abin da Gottfried ya daɗe yana ji shi kaɗai. Duk shekarun nan shi ne mai jira, shi ya sa na sami damar cewa ɗana ya mutu. Yanzu in na sa sunan a dutse, ba sauran mai jiran Falk a duniya. Ban iya ba, Yaya. Har yanzu ina ganin ruwa ne ya ci shi, amma ban iya ba.

Litinin na ce wa mai dutse suna ɗaya zai sassaƙa, ya bar fili a ƙasa. Ya ce, "Naki ne, Uwa?" Na ce ya dai bari. Ɗan gidan Seifert kuma na ce ya nemi tukunya ya shuka furensa.

Yanzu da safe ina zuwa makabarta in zuba wa Gottfried ruwa, in biya gareji in tayar da injin, sannan in sayi burodi. Madubin ne yake ba ni wahala, sai na ɗora matashi na durƙusa a kai.

Resi ta ce za ku zo Kirsimeti da mota. Ku zo, na yi kewarku, zan gasa muku burodin inabi irin na Mama. Abu ɗaya nake roƙo. In kun iso, ka ajiye Audinka a bakin titi ko gaban gidan Seifert. Kada ka tare ƙofar garejin, ko da mai motar zai zo yana son fita.

Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Irmtraud