Sarƙar Tukwanen Gas Tana Ƙofar Mangaza

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Ɗakin Gwajin Ruwan Rijiyoyi, Plateau, Yamai.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, tare da fatan Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fari. Ni ne Isufu mutumin Tawa, mai kula da tukwanen gas na labo, wato ɗakin gwajin, tun kafin soji su karɓi mulki. Sau uku ina zuwa biro, ofishinka, ana cewa kana taro, shi ya sa na rubuto a fili. Wallahi ba rigima nake nema ba, kaina ne ya ɗaure.

Na farko. Ranar da na kama aiki, kai da kanka ka riƙe hannuna ka nuna mini: tukunya a tsaye take zama, ɗaure da sarƙa jikin bango, hular ƙarfenta a kai, nesa da rana da wuta. Ka ce kada ta oksijin ta kwana kusa da ta asetilan mai saurin kama wuta, kuma in ɗaya ta faɗi bakinta ya karye, bangon siminti ma ba ya tare ta. Ban taɓa saɓa wannan ba.

Na biyu. Da kamyo, babbar motar kaya, ya kawo dawar taimako, kaftin ɗin da aka turo rabon abinci ya ce mangazarmu, ɗakin ajiyar tukwanen, ita ce kaɗai mai ƙofar ƙarfe a unguwar. Aka fitar da tukwanen zuwa baranda, aka loda buhuna a ciki. Ban hana ba, mutane na mutuwa da yunwa. Sai kuma aka kwance sarƙar tawa aka naɗe ƙofar mangaza da ita saboda ɓarayi. Na ce to tukwanen fa? Aka ce ai ƙarfe ne, ba mai satarsu. Ni kuwa ba sata nake tsoro ba.

Na uku. Ƙanena ya iso gidana a Talladje daga ƙauye, shanunsa sun mutu kaf, igiyoyinsu kawai ya shigo da su cikin buhu. Na roƙe shi biyu, na ɗaure tukwanen jikin ginshiƙi, na ware cikakku daban, fanko daban. Na san igiya ba sarƙa ba ce, amma ta fi babu. Washegari mataimakinka ya ce na mai da ma'aikatar gwamnati turken dabbobi, ya sa gardi ya yanke su da wuƙa.

Na huɗu, kuma nan ne na rasa gane gabana da bayana. Masu bincike sun zo sun tarar da tukwane a sake, aka miƙo mini takardar dakatarwa, wai na bar kayan haɗari ba ɗauri. Na ɗaure, laifi. An kwance, laifin nawa ne dai. Na karanta takardar har ta yi laushi a aljihu, na kai wa maƙwabcina malamin lakkal, wato makarantar boko, ko faransancina ne ya gaza, shi ma ya juya ta ya miƙo mini. Ranka ya daɗe, sa hannunka ne a ƙasa. Wane Darakta zan bi, wanda ya koya mini ko wanda ya sa hannu?

An ce in zauna gida, na kasa. Kullum da safe ina tsaye bakin titi ina leƙe. Matan da ke layin dawa suna fakewa a barandar, suna jingina da tukwanen, goyo a baya. Gardi yana hura gawayin shayinsa taku kaɗan daga ta asetilan. Jiya wata ta rataya ƙwaryarta a bakin ta oksijin, tukunyar ta yi tangaɗi. Na yi ihu, sojan ƙofa ya kore ni, ya ce ni ba ma'aikaci ba ne yanzu.

Ga roƙona. A saya wa mangaza kwaɗo, a maido da sarƙa inda take. A kawar da tukwanen daga rana da layin mutane. Batun aikina na bar wa Allah da kai, in ma akwai laifin da na yi, a faɗa mini da Hausa in gane.

In kuwa sarƙar ba ta samuwa, akwai sauran igiya huɗu a ɗakin ƙanena, ba abin da za a ɗaure da su kuma. Izinin shiga na rabin awa kawai nake nema, in ɗaure in fita, ko da dakatarwar tana nan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka da duk wanda ke tsaye a wannan baranda, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Isufu mai tukwanen gas,
Talladje, Yamai.