Kofin Shayi Kafin Hoto

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya.

Ranar Laraba na raka Umma hoton ciki saboda ciwon gefen nan. Mai hoton ya shafa mata wani abu mai yauƙi, ya yi ta goga na'ura a ƙasan haƙarƙarinta na dama, sannan ya ce matsarmamar ta tsuke, ba ya ganin komai. Ya tambaya ko ta ci wani abu, ta ce a'a. Layi ya yi yawa, sai nan da mako uku za a sake.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

Auta,

Ina gaishe ki. Mako uku kamar gobe ne. Masu hoton nan ko giwa aka haɗiye sai su ce ba su gani ba. Rage zurfin tunani, malama likitar gida. Ki gaishe min da Umma.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa, an kwantar da Umma. Idanunta sun koma ruwan ɗorawa, tana susa har jini. Sun saka ta cikin babbar na'ura mai kama da rami. Likita ya nuna min siririyar hanyar da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji. Ta toshe. Ba tsakuwa ba ce, ƙari ne, kuma ya taɓa hanta.

Akwai abin da na ɓoye maka. An ce kada ta ci komai kafin hoton farko. Na ga jikinta na rawa, na haɗa mata shayi da madara, tunda a gidanmu ba a lissafa shayi cikin abinci. Yaya, a littafinmu na makarantar koyon aikin lafiya an rubuta cewa maiƙo, irin na madara, ke sa matsarmama ta matse. Har jarrabawa na ci a kai. Umma rufa min asiri ta yi.

Ka yafe min.
Ƙanwarka

Autata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na kira likitan, ya ce jinkirin mako ukun nan bai canza komai ba. Share hawayenki. Ina hanya ranar Juma'a.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na tambayi likitan, ya ce babu wanda ya kira shi. Na yi masa maganar jinkirin mako ukun. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce in je in zauna kusa da Umma.

Kada ka jira Juma'a.

Ƙanwarka