Fasasshen Kaskon Hadiza

Laraba, bayan Isha'i, Gumel

Sati biyu autata Hadiza tana tsara wa kifinta na ado akwatin gilashi: ciyayin ruwa a baya, fasasshen kasko a gefe. Yau tana makaranta karambani ya ci ni. Ni da nake yi wa amare jere, ina zan bar fasasshen abu a falona? Na jefar da shi bola, na jera duwatsun reras.

Da ta dawo, kifin ya maƙale a kusurwa, ya naɗe jela, ya ƙi abinci.

"Umma, ɗakinsa ne fa kika jefar," ta ce. Ko murya ba ta ɗaga ba.

Na koma bola, masu taki sun kwashe. Gobe sabon kaskona zan fasa da hannuna.