Baba, Na Kawo Maka Ƙarar Abokan Aikinka

Zuwa ga mahaifina, marigayi Sufeto Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da ladabi. Ni ce 'yarka ta fari, Briskila. Shekara shida ke nan da muka raka ka makwancinka, ban taɓa ɗaukar biro don in yi maka magana ba sai yau. Ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba, Baba. Raina a ɓace yake, kuma kai ne ɗan sandan da na sani.

Ka bar autarka Lami tana koyon ɗinki. Ta iya, har ta buɗe shago a Muciya. Bayan rasuwarka ta auri Ishaya, makanike a Sabon Gari, mutum mai shiru-shiru, shi ke kaɗa ganga a cocinsu. Shekara huɗu yana dukanta. Sau biyu na sani, sauran ta ɓoye.

Wata Talata da hantsi ina koya wa 'yan aji huɗu lissafi a nan Samaru, sai ga ta a bakin taga, ta tallafe hannun dama da na hagu. Laifinta, ta je Jushi ɗaukar awon wata amarya ba ta gaya masa ba. Ya bi ta har shago da ƙarfen kwance taya.

Ka sha gaya mana cewa duk wanda ya zo kantar caji ofis da kuka, a fara rubutawa kafin a yi tambaya. Da wannan maganar taka na kama hanya.

A caji ofis na kusa da mu aka ce ba a yankinsu abin ya faru ba, mu koma can unguwarsu. Wannan ban musa ba, na san ƙa'ida ce. Amma Baba, benci na nan a gefe, ba wanda ya ce ta zauna. Muka shiga bas. Duk ramin da taya ta faɗa kafin Kwangila, Lami sai ta ciji gyalenta.

A na biyun wani kofur ya buɗe babban littafi, har ya cire marfin biro. Ya ce wa ya doke ta, na ce mijinta. A gabana ya rufe littafin. "Madam, ai wannan maganar cikin gida ce. Me ta yi masa?"

Me ta yi masa! Da ɓarawo ne ya tare ta a hanya da wannan ƙarfen, zai tambayi me ta yi masa?

Na yi abin da ka hana mu. Na ambaci sunanka da muƙaminka, da ƙarfi, don na ciki su ji. Ka yafe mini. Hayaniyata ce ta fito da wata saje mace 'yar kudu, Nkechi, mai Hausa rabi da Turancin Burokin. Ita ta ba Lami kujera, ta rubuta bayaninta, ta karanta mata, sannan ta cika mana takardar zuwa asibiti. Da za mu fita ta ja ni gefe. Ta ce dokar da ake aiki da ita a nan Arewa ta bai wa miji damar ya hori matarsa, muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Kumburi ba ya cikin lissafi, shatin bulala ma haka. "Sista, in dokita ya rubuta karaya, muna da kes. In bai rubuta ba, oga ba zai sa hannu ba."

Shekara talatin ka yi a cikin kaki, ba ka taɓa gaya mana akwai wannan layin a littafinku ba.

Ka san abin da 'yarka ta yi a bakin ɗakin hoton ƙashi? Addu'a na yi hannun ƙanwata ya zama a karye. Hannun da take ci da shi, take yanka yadi da shi. Aka kuwa amsa: wuri biyu, sama da wuyan hannu.

Laraba muka kai rahoton likita. Na ɗauka daga nan sai kamu. Ashe sai an fara gayyatar Ishaya. Aka rubuta takardar gayyata, wani ya miƙo mini wai in kai masa. Ni! Saje Nkechi ta fizge ta, ta ce a ba ta mota. Aka ce babu, motar sintirin tana gareji. Garejin wa, Baba? Na Ishaya.

Sai ranar Juma'a saje ta hau acaba ita da wani kurtu, suka taho da shi, suka taho da ƙarfen. Kwana ɗaya ya yi, wani dattijon cocinsu ya tsaya masa beli. Beli haƙƙinsa ne, wannan ma kai ka koya mini. Amma ko a gaya mana an sake shi? Lami ta je shago ɗauko ɗinkin mutane ranar Litinin, ta hango shi tsaye a tsallaken titi yana kallonta. Da ƙafa ta gudu har tasha.

Bincike kuwa, mutum biyar suka ga abin da idonsu. Da saje ta je da takarda, huɗu suka ce suna bayan gida a lokacin. Tsohuwa mai sayar da maɓalli da zare ce kaɗai ta ba da shaida.

Mako na uku aka kira mu ofishin DPO. Na ɗauka ranar kotu za a faɗa mana. Muka tarar da dattawan coci biyu, da Ishaya ya sunkuyar da kai kamar na Allah, da ƙaninka Kawu Yohanna. An riga an buga takardar janye ƙara. Aka yi ta magana kan sunan iyali, da rufin asiri, da gafara sau saba'in. Ba wanda ya kalli farin filastan da ke rataye a wuyanta. Da aka ga ba ta iya riƙe biro, aka kawo tawada don ta dangwala da na hagu.

Lamin da ka sani, wadda ko kaza ba ta iya kora, ta cusa hannun cikin gyale. Ta ce, "Ya karya wancan, ku kuma kuna so in ba ku wannan? Ba zan dangwala ba."

An kai fayil kotu. Sau huɗu ana ɗagawa. Ran nan mai gabatar da ƙara bai zo ba, ran nan fayil ya yi ɓatan kai, sannan aka yi wa Saje Nkechi canjin wurin aiki. Daga sabon wurin ta zo da kanta ta ba da shaida. A wata na bakwai Ishaya ya amsa laifinsa, aka ci shi tara, ya riga mu fita daga harabar kotu.

Duk wannan ba shi ya hana ni sakat ba. Ranar da aka so mu janye ƙarar nan, a baranda, wani tsohon saje da ya yi aiki a ƙarƙashinka ya tare ni. Ya ce, "'Yar Sufeto, da mahaifinki na nan da shi zai fara cewa ku koma gida. Irin wannan nawa ya sasanta a kan idona?"

Gaskiya ya faɗa, Baba? Ban taɓa ganin ka ɗaga wa Mama ko yatsa ba. Kai ke tsefe mana kai ranar Asabar in ta tafi zumuntar mata. Amma ina so in sani, matan da ka mayar gida, ka taɓa bin sawu ka ga yadda suka ƙare? Na fi so in yarda da ka yi kuskure ne cikin rashin sani. Zan iya ɗaukar wannan, in ci gaba da ƙaunarka.

Lami tana wurina. Kawu Yohanna ya daina amsa gaisuwarmu. An dawo da keken ɗinkinta daga shago, tana taka shi, amma almakashi ya fi ƙarfin hannun har yanzu. Ni nake yi mata yanka bayan na taso makaranta, tana yi mini dariya wai wuyan rigar da na yanka kamar bakin ƙwarya. Jiya ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka ba ta yi kuka a gaban alƙali ba.

Ubangiji ya ba ka hutawa, ya gafarta maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Ya mayar wa Lami ƙarfin hannunta. Ya tsare Nkechi duk inda aka tura ta. Macen da za ta tsaya a gaban kantar caji ofis gobe da safe kuma, ya sa a ba ta wurin zama. Amin.

'Yarka mai taurin kai irin naka,
Briskila
Samaru, Zariya